Zoben roba ɗaya ne tsakanin kyamararka da ruwan teku

Duk bayan Sallah gardama iri ɗaya ce ke tashi a shagunan masu gyaran waya na Agege. Samari sun yi gayya, sun hau jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay, an tsoma waya ko ƙaramar kyamara a teku don a ɗauki bidiyon TikTok, an dawo gida ta ƙi kamawa. Mai ita yana rantsuwa cewa ranar da ya saya a Computer Village an tabbatar masa ba ta shan ruwa. Daga nan sai zance ya koma cewa kamfanoni na ware mana kayan jabu ne su turo Afirka. Jabu kam akwai shi a kasuwa, amma ko ta ainihi ka riƙe, ruwa zai shiga in ba ka san abin da ke tare shi ba.

Masu nutso da tukunyar iska a baya, waɗanda ke shiga ƙarƙashin teku da kyamarar miliyoyin naira, sun fi kowa sanin wannan. Kyamarar tana cikin akwati na roba mai ƙarfi ko na alminiyam, kuma abin da ke hana ruwa shiga ta bakin murfin shi ne wani siririn zoben roba da ke kwance cikin ɗan rami a kewayen bakin. Kowane maɓalli ma yana da nasa ƙaramin zoben. Duk mita 10 da ka sauka a teku, ruwa na ƙara danna kimanin kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. Murfi mai tsawon santimita 15 da faɗin 10 yana ɗauke da ƙarin nauyin kusan kilo 150 ke nan a mita 10 kacal. Ruwan da ke ƙarƙashin irin wannan matsi ba ya buƙatar ƙofa. Silin gashi ɗaya da ya gitta kan zoben, ko ƙwayar yashi ɗaya, ya ishe shi hanya.

Duk macen da ke zuba miya a kula ta san haka. In ƙwayar shinkafa ta maƙale a robar murfin, ko robar ta bushe ta tsage, komai tsadar kular sai miya ta ɓata jaka. Shi ya sa ƙwararrun masu nutso ke ɓata lokaci a kan zoben fiye da kan kyamarar kanta. Su zare shi da gefen katin roba, ba da allura ko reza ba, su goge ramin da ƙyalle marar zare, su bi zoben da yatsa a wuri mai haske don jin ko akwai tsaga. Ba sa buɗe akwati a bakin teku inda iska ke ɗauke da yashi. Abin mamaki, sun daɗe da lura cewa yoyo ya fi faruwa a saman ruwa ko cikin bokitin ɗauraya, domin a can ƙasa matsin ruwa yana ƙara danne zoben a mazauninsa, a sama kuwa zoben da bai zauna daidai ba sakwa-sakwa yake.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne basilin. Mutum ya lafta shi a kan zoben, wai ya toshe ƙofa. Mai ba ya toshe komai. Aikinsa kawai ya sa robar ta yi santsi ta zauna ba tare da ta murɗe ba, kuma ɗan shafe da zai sa ta yi ƙyalli ya wadatar. In ya yi yawa, yashi da gashi yake tarawa. Basilin kuma daga man fetur ake samo shi, yana kumbura wasu nau'o'in roba ya lalata su. Ko man silikon ɗin ma, wanda kamfanin akwatin ya ambata shi ake sa wa, don akwai zoben da man da bai dace ba ke sa shi ya saki. Wanda ke ganin zoben roba ƙaramin abu ne, ya tuna kumbon Challenger na Amurka, wanda ya tarwatse ranar 28 ga Janairun 1986 da mutum bakwai a ciki, saboda sanyi ya sandarar da irin wannan zoben ya kasa toshe mahaɗar roka.

Waya kuma labarinta ya fi rauni. Alamar IP67 na nufin an gwada ta a zurfin mita 1 na minti 30. IP68 ta wuce haka, amma kamfani ne ke faɗin iyakar: Samsung yakan ce mita 1.5, Apple ya ce mita 6 tun daga iPhone 12, duka na minti 30. A ruwa mai daɗi da ke tsaye cik ake gwajin, da sabuwar waya fil. Babu igiyar ruwa, babu gishiri. Kuma da gam aka liƙe ta, gam ɗin da zafi da faɗuwa ke cinyewa. Yawancinmu tokumbo muke riƙewa, an canza mata gilashi ko batir ba sau ɗaya ba. Ranar da mai gyara ya ɗaga gilashin nan, alkawarin kamfani ya tashi, sai fa in an sake liƙewa da gam ɗin da ya dace. Garantin kamfanonin ma ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa. GoPro, da aka ƙera don wannan aiki, mita 10 ce iyakarta tsirara. Sai cikin akwatinta take kai mita 60.

Wani lokaci ba yoyo ba ne. Iskar Legas cike take da danshi. Ka rufe akwati da wannan iskar, ka bar shi a rana, sannan ka shiga ruwa mai sanyi, sai gilashin ya yi gumi daga ciki, hoto ya dushe. Maganinsa a rufe a ɗaki mai sanyi da bushewa, a jefa busasshen ƙunshin silika irin na kwalin sabon takalmi, a lulluɓe da tawul a inuwa. Kafin tafiya kuma a yi gwajin da ba ya cin ko kwabo: a sa takardar tishu cikin akwatin ko jakar roba ta saka waya ba tare da na'ura ba, a danne cikin bokiti na rabin awa, a duba. Bayan an fito daga teku a jiƙa akwatin a rufe cikin ruwan famfo, a daddanna maɓallan, don gishiri in ya bushe ƙanƙara yake zama mai kaifi, ya yanki roba.

In ruwa ya riga ya shiga, a kashe nan take, a cire batir da katin memori in suna ciruwa, kada a jona caji, a garzaya wurin mai gyara ranar. Binne waya cikin shinkafa ɓata lokaci ne. Apple da kansa ya gargaɗi masu iPhone da su daina, saboda ɓurɓushinta na shiga ramukan wayar. Kwana ukun da take kwance a kwano, gishirin yana can yana cin allon ciki.

Ba duka laifin ke kan mai saye ba. A Nuwamban 2020 Italiya ta ci tarar Apple yuro miliyan 10 saboda tallan da bai bayyana sharuɗɗan gwajin ba. A 2022 kotu a Ostiraliya ta ci Samsung dalar ƙasar miliyan 14 kan tallan da ke nuna waya a teku da wurin ninƙaya. A nan kuwa jakar roba ake talla a go-sulo da bakin teku, an buga mata zurfin mita barkatai a jiki, ba sunan kamfani ba adireshi. Muna da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, muna da SON mai duba ingancin kaya. Bokiti ɗaya da tishu sun ishi jami'insu ya tantance jakunkunan nan kafin Sallah mai zuwa.