Kafin a ƙara wa Hilux sifirin don jan tirela

Ma'aikacin gwamnatin da ya mallaki gona a wajejen Kwali ko Kuje ko hanyar Keffi, ya kuma samu ikon sayen a-kori-kura, ba ya daɗewa bai fara ɗaura mata ƙaramar tirela ba. Yau tankin ruwa, gobe janareto ko injin casa, jibi buhunan taki. Da zarar an ɗaura kuwa sai motar ta tsuguna: gindi ya yi ƙasa, kai ya ɗaga, fitilu su koma haska rassan bishiyoyi da idanun masu tahowa. Shawarar da aka fi ji a gareji, daga Apo har Panteka ta Kaduna, ita ce a ƙara sifirin. Akwai gaskiya a cikinta, amma ba ta ƙare a nan ba.

Tsugunawar tana da dalili, kuma dalilin lissafi ne. Ƙugiyar da ake maƙala tirela tana can bayan tayoyin baya, da tazarar da ta ɗara mita ɗaya, alhali tsakanin tayoyin gaba da na baya na Toyota Hilux kimanin mita 3 ne. Saboda haka duk nauyin da ya sauka a kan ƙugiyar yana aiki ne kamar wanda ya danna ƙarshen katakon da aka ɗora a kan dutse: wannan gefe ya nutse, wancan ya tashi. Idan kilo 250 ya sauka a ƙugiya, tayoyin baya za su ɗauki kusan kilo 350, na gaba kuma su yi asarar kusan kilo 100. Tayoyin gaban nan su ne ke juya mota, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. Direban da ya ji sitiyari ya yi masa sakayau a hannu bayan ya ɗaura tirela, abin da yake ji ke nan.

Bayan Hilux, da na takwarorinta irin su Mitsubishi L200 da Isuzu D-Max, a kan sifirin mai falle-falle yake zaune, wato faifan ƙarfe da aka jera wani kan wani. Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce a cusa ƙarin falle ɗaya ko biyu. Wannan yana ɗaga gindin motar, amma yana da haraji: ranar da babu kaya, motar za ta riƙa tsalle kamar doki marar linzami, tayoyin baya su rage kama ƙasa, musamman da damina. Mafi muni shi ne fallen gwanjo da aka ciro daga wata motar daban aka yanke da wuta aka huda. Ƙarfen sifirin da wuta ta taɓa ya rasa taurin da aka ƙera shi da shi, kuma karyewa yake yi ba tare da sallama ba. Wanda zai riƙa jan kaya kowane mako ya fi masa alheri ya sauya jerin gaba ɗaya da wanda aka ƙera domin nauyin da yake ɗauka. Kamfanoni irin su Old Man Emu da Ironman 4x4 na Ostareliya suna rarraba sifirin ɗinsu ne bisa yawan kilon da mota ke ɗauka kullum, don haka tambayar farko da mai sayarwa na kirki zai yi ita ce nawa ne nauyin, ba wace mota ce kaɗai ba. Idan an sauya, a sa sababbin ƙusoshin da ke ɗaure sifirin da aksil, a kuma koma a ƙara ɗaure su bayan 'yan kwanaki ana tafiya, domin sukan saki.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa da shi a tsofaffin Hilux, waɗanda ba su da birkin ABS. A ƙarƙashin bodinsu akwai wata 'yar na'ura da ke haɗe da aksil ɗin baya da siririn ƙarfe. Aikinta ta gane yadda mota ta nutse, ta ƙara wa tayoyin baya ƙarfin birki gwargwadon kayan da aka ɗora. Idan aka ɗaga gindin motar da ƙarin sifirin ba a sake saita ta ba, sai ta ɗauka motar ba ta da kaya ko da tana ɗauke da tan guda, ta rage birkin baya a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Mai irin wannan mota ya tambayi bakanikensa wannan magana da bakinsa, kada ya ɗauka an yi.

Shokozoba ba ta ɗaukar nauyi, ko da yake da yawa haka suka ɗauka. Aikinta kashe lilo, ta hana mota ci gaba da rawa bayan ta faɗa rami. Sabuwar shokozoba ba za ta ɗaga motar da ta tsuguna ba, amma sifirin mai tauri a kan shokozobar da ta mutu azaba ce, don haka tare ake sauya su.

Ga wanda jan tirelarsa na lokaci-lokaci ne, ana samun balan-balan na roba mai kauri da ake girkawa tsakanin aksil da shasi, a hura masa iska ranar kaya, a sace ranar zuwa ofis. Dabara ce mai kyau idan an tsaya a kan ƙa'idar iskar da kamfani ya rubuta. Matsalarsa ita ce yana tara nauyi a wuri ɗaya na shasin da ba a ƙera domin haka ba. A Ostareliya, inda jan ɗakin kwana mai taya da irin waɗannan motoci ya zama ruwan dare, an sha ganin shasi ya lanƙwashe daidai bayan ɗakin fasinja saboda kaya sun yi yawa a can baya, an kuma cika iska don a ɓoye tsugunawar. A ra'ayina, a kan hanyoyinmu masu ramuka, sifirin da ya dace ya fi kwanciyar hankali.

Sai dai duk waɗannan gyare-gyare ba sa ƙara ko kilo ɗaya a kan iyakar da kamfani ya sa wa motar. Iyakar tana cikin littafin mota, kuma ba daga sifirin kaɗai aka ciro ta ba: an duba birki, da shasi, da giya, da kuloci, da ikon lagireto na sanyaya inji a kan hawa. Wasu samfuran Hilux na dizal na baya-bayan nan, irin waɗanda ake sayarwa a Turai da Ostareliya, an yarda su ja har kilo 3,500, amma da sharaɗin tirelar tana da birkinta. Masu injin fetur na lita 2.7, waɗanda suka cika ma'aikatunmu, ba su kai haka ba. Idan kuwa tirela ba ta da birki, iyakar ita ce kilo 750. A nan ne gizo ke saƙar, domin galibin ƙananan tirelolin da masu walda ke haɗawa ba su da birki ko kaɗan. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tankin lita 2,000 tan biyu ke nan, ban da nauyin tirelar kanta. Wanda ya gangaro Hawan Kibo daga Jos da irin wannan kaya a bayansa, birkin motarsa kaɗai ke riƙe da komai, kuma birkin da ya yi zafi santsi yake yi. Ruwan da bai cika tanki ba ya fi haɗari, domin yana kai-komo yana tunkuɗa motar duk lokacin da aka taka birki.

Haka kuma nauyin da ya sauka a kan ƙugiya ana lissafa shi ne cikin kayan da motar ta ɗauka, tare da direba da fasinjoji da buhunan da ke bodi. Ba a cika bodi maƙil a kuma ja tirela har iyakarta a lokaci guda. Ƙa'idar da masu jan kaya ke bi ita ce kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka a ƙugiya. Idan ya gaza haka sosai, wato an tara kaya a bayan tirelar, sai ta fara kaɗa wutsiya a kan gudu har ta juya motar. Kaya masu nauyi a kan tayoyin tirela ake ɗora su, a ɗan matso da su gaba. Ƙugiyar kanta a shasi ake ɗaure ta da ƙusoshi masu ƙarfi, ba a bamba ake yi mata walda ba, a kuma haɗa da sarƙar tsaro da fitilun baya masu aiki.

Taya ma tana da iyakarta, a rubuce a jikinta. Lamba 112 da ake gani bayan girman tayar Hilux da yawa tana nufin kilo 1,120 ga kowace taya, idan iska ta cika yadda ya kamata. Lambobi huɗun da ke ƙarshen layin DOT kuwa mako da shekarar da aka ƙera ta suke nunawa, abin da ya kamata mai sayen tayar gwanjo ya fara dubawa.

Ga hadimai da direbobin da motar ofis ke hannunsu akwai ƙarin hattara. Sauya ƙafafun motar da ke ƙarƙashin garanti ko inshora ba tare da izini a rubuce daga sashen sufuri ba na iya zama hujjar ƙin biya idan tsautsayi ya auku, kuma wanda ya kai motar gareji shi za a fara tambaya. Idan maigida ya ce a ɗaura tirela zuwa gona, a nemi sanin nauyinta tukuna, a buɗe littafin motar a gabansa, a nuna masa lambar.