Shirin Musamman: Hitar da Ba Ta da Tanki da Injin da Ke Zagaya Ruwan Zafi

Yau shirin namu zai leƙa banɗaki da kicin ne, domin mu duba hitar nan ta zamani da ba ta ajiye ruwa a tanki, da kuma abin da ke faruwa idan aka haɗa ta da ɗan injin da ke zagaya ruwan zafi cikin bututun gida.

Tun a 1868 wani mai zane a Landan, Benjamin Maughan, ya ƙera na'urar da ke ɗumama ruwa da wutar gas yayin da ruwan ke wucewa. Tasa ba ta da hanyar fitar da hayaƙi, don haka tana da haɗari. Daga baya kamfanonin Jamus irin su Vaillant da Junkers suka gyara fasahar, yanzu kuma Rinnai da Noritz na Japan da Navien na Koriya ta Kudu suna cikin waɗanda suka yi fice a kasuwarta.

Aikinta mai sauƙi ne. Da zarar an buɗe famfo, wata na'ura a cikinta za ta ji motsin ruwa, wuta ta kama, ruwan ya ratsa siraran bututun tagulla ya fito da zafi. Ana rufe famfo sai wutar ta mutu. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce a gidan da ba ya amfani da fiye da galan 41 na ruwan zafi a rana, irin wannan hita ta fi mai tanki tsimin makamashi da kashi 24 zuwa 34 cikin ɗari.

To, amma akwai inda gizo ke saƙa. Hita na iya kasancewa a bayan gida, banɗaki kuma yana can ƙuryar sama. Ruwan da ya kwana a bututu ya huce, kuma dole ya zube kafin mai zafi ya iso. Bututu mai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci yana riƙe wajen lita 6 a tsawon mita 20. Ku lissafa hakan sau nawa ne a rana a gida mai mutum goma. A wurare irin su Kalifoniya, inda fari ya koya wa mutane darajar ruwa, wannan asara ce ta sa ake ƙarfafa sanya injin zagaya ruwa. Injin yana janyo ruwan da ya huce ya mayar da shi hita, ko ta wani bututu na dabam da aka shimfiɗa lokacin gini, ko kuma ta bututun ruwan sanyi, ta hanyar wani ɗan bawul da ake ɗaurawa ƙarƙashin famfon da ya fi nisa. Hanya ta biyun ta fi araha a tsohon gida, sai dai ruwan sanyin yakan fito da ɗan ɗumi na wasu daƙiƙu.

A nan ne masu aikin famfo da yawa suke kuskure. Hita mai tanki ba motsin ruwa ne ke kunna ta ba, ko da injin yana gudu dare da rana. Marar tanki kuwa motsin ruwa ne ke kunna ta. Idan aka bar injin yana aiki ba tsayawa, hitar za ta yi ta kamawa tana mutuwa, gas ya ƙone a banza, zafi ya tsere ta jikin bututu, kayan cikinta su gaji kafin lokaci. Kenan an kashe kuɗi an sayi na'urar tsimi, sannan an hana ta tsimin. Shi ya sa wasu kamfanonin suke rage tsawon garanti idan aka haɗa hitarsu da injin da ba ya hutawa. Idan kuma injin ya yi ƙanƙanta, bai iya tura ruwan da ya kai kusan lita 2 a minti ba, to hitar ba za ta ma ji motsin ba, ruwa mai sanyi ne zai yi ta zagaye.

Maganin shi ne a sa injin ya yi aiki sa'ad da ake buƙata kawai. Akwai mai agogo, da ake saita shi ya tashi da asuba da kuma bayan magariba. Akwai mai na'urar auna zafi, da ke tsayawa da zarar ruwan bututu ya yi ɗumi. Wanda na fi yarda da shi kuwa shi ne mai maɓalli: ka danna kafin ka shiga wanka, ya yi gudu na ɗan lokaci ya tsaya. Wasu hitocin Navien da Rinnai suna zuwa da injin a cikinsu, wasu na Navien har da ɗan ƙaramin tanki da ke hana ruwa yin sanyi kwatsam a tsakiyar wanka. A naɗe bututun zafi da abin riƙe ɗumi, wannan kam ba sai an faɗa ba.

Ga masu sauraronmu na Kano ko Jos ko Damagaram da ke tunanin sayen irinta kafin hunturu, ku bambanta inji biyu. Matsalar yawancin gidajenmu rashin ƙarfin ruwa ce, domin tankin da ke kan ƙarfe mai tsawon mita 5 ba ya tura ruwa da ƙarfin da wasu hitocin ke nema. Abin da ke gyara wannan shi ne injin ƙara ƙarfin ruwa, aikinsa dabam da na injin zagayawa. Hitar lantarki ta shawa ɗaya na iya jan kilowat 5 zuwa 7, ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta ba. Ta gas kuma kada a rataya ta cikin rufaffen banɗaki ba tare da bututun fitar da hayaƙi ba, domin iskar da take fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. Idan ruwan rijiyar burtsatsenku yana barin farin datti a gindin buta, zai bar irinsa a cikin hita, sai a riƙa wanke cikinta da ruwan kal aƙalla sau ɗaya a shekara.

Kafin ku biya kuɗi, ku sa mai aikin famfo ya auna ƙarfin ruwan gidan, ya kuma nuna muku a takardar kamfani cewa hitar ta yarda da injin da yake shirin haɗa mata.