Rigar Annabi Yusufu

A cikin Suratu Yusuf, sura ta 12 a Alƙur'ani, sau biyu riga ta tona asirin maƙaryata. 'Ya'yan Annabi Yakubu, kakan Bani Isra'ila, sun jefa ƙanensu rijiya, suka shafa wa rigarsa jini, suka komo da kuka wai kerkeci ya cinye shi. Malaman tafsiri sun ce uban ya duba rigar, ya ga ko yagewa babu. Wane kerkeci zai cinye yaro ya bar riga lafiya lau? A Masar kuma, da matar Azizu ta yi wa Yusufu ƙazafi, aka tarar rigar ta baya ta yage, wato gudu yake yi. To, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, in an kawo muku ƙara, kada hawaye su ruɗe ku, ku duba rigar tukuna. Ramin ƙarya ƙurarre ne.