Yadda Muryata Ke Isowa Ɗakinki

Yau hirarmu ta shafi littafin Fiziks ɗin nan da 'yarki ko ɗanki ke dawowa da shi daga sakandare, musamman masu yara a makarantar kimiyya ta Kafin Hausa, ko 'yan mata a Jahun da Taura. Akwai darasin da ake kira igiyoyi da motsi, yana fitowa a jarrabawar WAEC da NECO, kuma yara da yawa haddace shi suke yi ba tare da sun gane ba. Alhali kayan gwajinsa suna tsakar gidanki.

Ki cika baho da ruwa, ki ɗora tsinke a kai, sai ki jefa ɗan tsakuwa a tsakiya. Za ki ga zobba suna bazuwa har bakin bahon. To, duba tsinken. Sama da ƙasa kawai yake yi, bai bi su ba. Ashe ba ruwan ne ke tafiya ba, ƙarfin bugun ne ke wucewa daga wannan ɗigo zuwa na gaba. Wannan ita ce igiya, kuma duk darasin a kanta ya tsaya.

Sauti ma haka yake, sai dai shi iska yake turawa gaba da baya har ya iso kunne. Yana cin kusan mita 340 a sakan ɗaya. Haske kuwa kilomita 300,000 yake ci a sakan. Shi ya sa da damina walƙiya ke riga tsawa. In kin ga walƙiya, ki ƙirga: kowane sakan 3 kafin ƙarar, kusan kilomita 1 ke nan tsakaninki da inda ta faɗa. In ƙarar ta biyo nan take, 'yar uwa, a kira yara ɗaki, kada a bar su gindin bishiya.

Rediyon da ke gefenki fa? Igiyarsa da gudun haske take tafiya, don haka muryar da aka yi a Dutse ta iso Kafin Hausa kafin ƙiftawar ido. Wani Bajamushe, Heinrich Hertz, ya tabbatar da irin wannan igiya a 1887. Kin sha jin ana cewa "gajeren zango, mita 25". Zango shi ne tazarar da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da mai bin sa, kamar zobban bahon nan. In kuma an ce tasha tana kan 99.5, ana nufin igiyarta na kaɗawa sau miliyan 99.5 a sakan guda. Yawan kaɗawa, gajartar zango.

Da yamma in yarinyar ta dawo, kafin ki tura ta wanke-wanke, ki ajiye mata baho da tsinke ki ce ta yi miki bayani da Hausa. In ta iya, ta gane. In ta tsaya inda-inda, gobe ta koma wa malaminta da tambaya, tun jarrabawa ba ta ƙarato ba.