Man Kwalba da Injin Babur a Zangon Kwatano

Duk wanda ya sauka a unguwar Zango ta birnin Kwatano, a Jamhuriyar Benin, abu biyu zai fara gani tun kafin ya kai babban masallacin unguwar. Na farko shi ne 'yan babur masu rawayar riga da lamba a baya. Na biyu kuwa tebura ne a bakin titi, an jera manyan kwalabe cike da fetur, ga mazurari a gefe. Wannan takarda za ta yi bayani ne a kan abin da ke faruwa a cikin inji bayan an juye man kwalbar nan a tanki.

Sai mu fara da sunaye, tunda su ne abincin ɗalibin harshe. Sana'ar ɗaukar fasinja a babur, wadda Bakano ke kira acaɓa, Basakkwace da mutumin Nijar su ce kabu-kabu, a Kwatano sunanta zemijan, ko kuma zem a taƙaice. Kalmar daga harshen Fon ta fito, ma'anarta kuwa ɗauke ni da sauri. Man da ake sayarwa a kwalba shi ne kpayo, kalmar da ke nufin abin da ba na asali ba. Bahaushen Nijeriya yana kiran masu irin wannan sana'a 'yan bumburutu ko 'yan cuwa-cuwa, a Nijar kuma ana cewa ruwa-ruwa. Mutumin Zango yana jin duka, domin unguwar matattara ce ta fatake daga Kano da Sakkwato da Maraɗi da sauransu.

Kpayo man Nijeriya ne da ake shigowa da shi ta fasa-ƙwauri, a jarkoki, ta kan iyakar Seme da hanyoyin daji da kuma ta ruwa a kwalekwale. Dalilinsa shi ne tallafin mai. Gwamnatin Nijeriya ta shafe shekara da shekaru tana biyan wani kaso na kuɗin fetur, don haka litar Legas ta fi ta gidan man Kwatano araha nesa ba kusa ba. An sha ƙiyasta cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na fetur ɗin da ake ƙonawa a Benin ta wannan hanya yake shigowa. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, kuma cikin 'yan kwanaki kuɗin kwalba ya yi tashin gwauron zabo a Kwatano, har aka ga layin babura a gidajen man da a da ba a ko kallonsu. Sana'ar ba ta mutu ba. A watan Satumba na shekarar ne ma wani rumbun ajiyar kpayo ya kama da wuta a Seme-Krake, mutum fiye da 30 suka rasu.

Shi kansa man, a lokacin da ya baro gidan mai a Nijeriya, fetur ne kamar kowane. Abin da ke ɓata shi yana samunsa ne a hanya. Fetur ba abu guda ba ne, gauraye ne na sinadarai masu yawa, wasu masu nauyi, wasu marasa nauyi da ke saurin bin iska. Waɗannan marasa nauyin su ne ke fara kamawa da wuta idan inji ya yi sanyi. In kwalba ta wuni a rana, ko jarka ta kwana ba a rufe ta da kyau ba, su ne ke fara gudu. Shi ya sa mai babur zai yi ta buga kik da asuba, inji ya ƙi tashi, ya ɗora wa fulogi laifi alhali laifin na mai ne. Ga kuma ƙura da tsatsa da ruwan sama da ke shiga yayin juye-juye daga wannan mazubi zuwa wancan. Ɗan tsumman da mai sayarwa ke shimfiɗawa a bakin mazurari yana tare yashi, amma ba ya tare ruwa.

Sai algus, wato haɗa fetur da kananzir don ya yi auki. Kowane fetur yana da wani ma'auni da ake kira oktan, wanda ke nuna juriyarsa ga matsi. A cikin inji fistin yana matse mai da iska, sannan fulogi ya ba da wuta. Man da oktan ɗinsa ya yi ƙasa ba ya ƙonewa a tsanake, wani sashinsa yana fashewa da kansa, sai a ji inji yana ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙarfe, musamman in an ɗauki kaya mai nauyi. Kananzir yana kassara oktan, ba ya ƙonewa duka, yana barin baƙin gawayi a kan fulogi, sauran kuma ya zurara ya tsinka baƙin man da ke kare ƙarafan inji. Wannan algus ya fi riba ne a zamanin da kananzir ke da araha. A shekarun baya-bayan nan kananzir ya fi fetur tsada a Nijeriya, don haka mai haɗa su asara zai yi.

Ba a bakin titi kaɗai ake samun gurɓataccen mai ba. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta auna man gidajen mai a ƙasashen Afirka takwas, har da Benin, ta tarar da farar wuta a cikinsa ta ninka abin da dokar Turai ta yarda da shi sau da yawa. A Turai iyakar ita ce kashi 10 cikin miliyan. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50 cikin miliyan ga man da ake shigowa da shi.

Yanzu sai batun etanol. Wannan sinadari ba baƙo ba ne, shi ne abin da ke sa maye a cikin giya, har da sodabi, barasar da ake dafawa daga bammi a kudancin Benin. Wanda ake zuba wa fetur ana yin sa ne daga rake ko masara ko rogo. Idan aka ga E10 a jikin famfo, ana nufin kashi 10 cikin ɗari etanol ne, saura fetur. Ƙasar Barazil ta fara babban shirinta na etanol tun 1975, kuma a 2025 ta kai haɗinta kashi 30. Ingila ta mayar da E10 man yau da kullum a 2021. Indiya, inda ake ƙera babur ɗin Bajaj da ya cika titunan Afirka ta Yamma, ta kai kashi 20 a 2025. Nijeriya ma ta fitar da manufar E10 tun 2007, ko da yake ba ta yi nisa ba.

Etanol yana da alfanu guda babba: oktan ɗinsa ya fi na fetur, don haka yana rage ƙwanƙwasar inji. Amma ƙarfinsa bai kai na fetur ba. Lita guda ta etanol tana ɗauke da kamar kashi biyu cikin uku na ƙarfin litar fetur. A haɗin E10 bambancin kamar kashi 3 cikin ɗari ne. Alal misali, a ce lita tana kai babur kilomita 50, to da E10 za ta kai shi 48 da rabi. A ganina wannan ba shi ne abin damuwa ba, domin tayar da ba ta da isasshiyar iska ma tana ƙara cin mai.

Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne iska. Fetur tsantsa yana bukatar iska da ta ninka nauyinsa sau 14.7 kafin ya ƙone sarai, etanol kuwa sau 9 kacal yake bukata, saboda yana ɗauke da nasa oksijin. Injin zamani mai kwamfuta yana gyara awon da kansa. Mafi yawan baburan haya kuwa kafireta ce da su, ita kuma ba ta san an canza mata mai ba, awon da aka saita mata shi take bi. Sai iska ta rinjayi mai, inji ya riƙa zafi fiye da kima. Babur ɗin da iska ce ke sanyaya shi, ga shi a cunkoson hanyar kasuwar Dantokpa da tsakar rana, wannan ƙarin zafin ba ƙaramin abu ba ne a gare shi. Da E10 yawanci ana sha. In haɗin ya haura haka, sai bakanike ya sauya ɗan hujin da mai ke bi a kafireta, wanda suke kira jet, ya sa mai faɗi. A Barazil kamfanin Honda ya warware matsalar ne a 2009 da babur CG 150 Titan Mix, mai shan fetur ko etanol ko haɗinsu.

Na ƙarshe shi ne ruwa, kuma nan ne Kwatano ta fi shiga haɗari, domin birni ne tsakanin teku da tafkin Nokuwe, iskarsa a jiƙe take kusan duk shekara. Fetur ba ya haɗuwa da ruwa, amma etanol yana jawo shi daga iska. Idan ruwan ya yi yawa, sai etanol ya rabu da fetur, su kwanta tare a ƙasan tanki, inda bututun mai yake zuƙa. Abin da ya rage a sama kuma oktan ɗinsa ya faɗi. Daga nan sai tsatsa a tanki, da robobi da tiyo na tsofaffin babura su kumbura ko su tsattsage. Ana iya gwada mai a gida: a zuba ruwa kaɗan a siririyar kwalba, a yi alama a inda ya tsaya, a cika da fetur, a girgiza, a ajiye. In ruwan ya haura alamar, akwai etanol ko danginsa a ciki.

Wannan dangin nasa shi ne metanol, wanda ya fi shi cin ƙarfe da roba. A watan Fabrairu 2022 kamfanin NNPC ya bayyana cewa an shigo da fetur mai metanol fiye da kima daga tashar Antwerp ta Beljiyam. Motoci sun lalace a Legas, aka janye man daga kasuwa, layukan mai suka yi makonni a Legas da Abuja. Daga Legas zuwa Kwatano kuwa tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai ce, kuma jarkar da ta ƙetaro Seme ba ta zuwa da takardar awo.