Takardar Likita: Garkuwar Ma'aikaci Da Abokan Aikinsa

Duk wanda ya yi azumin shekarar 2020 a garin Azare ba zai manta da shi ba. A cikin watan Mayu na wannan shekara labari ya game ƙasar nan cewa ana ta rashe-rashe a garin fiye da yadda aka saba, har Gwamnatin Jihar Bauchi ta ba da umurnin rufe ƙananan hukumomin Katagum da Giade da Zaki na kwana 10 don a tare cutar korona. Gwamna Bala Mohammed kansa ya kamu da cutar tun a watan Maris, ya killace kansa har Allah ya ba shi sauƙi.

To, shi Gwamna idan ya kwanta babu mai tambayarsa shaida. Amma akawu da masinja da direba da mai gadi, ranar da suka koma bakin aiki, abin da za a fara tambayarsu shi ne: ina takardar likita? Wannan 'yar takarda ita ce za ta raba gardama, ko a biya mutum albashinsa cif, ko a yanke, ko ma a rubuta shi cikin masu fashin aiki.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, ta yi bayani a sashe na 16 cewa ma'aikaci yana da haƙƙin a biya shi ladansa har na kwana 12 na aiki a cikin shekara guda idan rashin lafiya ya hana shi zuwa, muddin likita mai rajista ya shaida ciwon. Ta kuma ba wanda ya ɗauke shi aiki damar ya sa likitan da ya zaɓa ya sake duba shi. Wannan doka ta fi shafar leburori da akawuna. Manyan ma'aikata da ƙwararru, su sharuɗɗan aikinsu ne ke fayyace nasu hutun jinya, kamar yadda ma'aikatan gwamnati suke da nasu ƙa'idojin.

Mai karatu ya lura da kalmar nan, "likita mai rajista". Takardar mai kemis ba ta shiga nan, haka ta mai maganin gargajiya, kome ƙwarewarsa. Ga mutumin da ke cikin Azare, inda akwai babban asibitin Gwamnatin Tarayya, abin da sauƙi. Amma wanda ke aiki a tsohon garin Katagum, ko wani ƙauye na ƙasar Zaki, sau da yawa wanda zai tarar a ɗakin shan magani malamin asibiti ne, ba likita ba. Ke nan sai ya shiga mota ya tafi neman likita.

INDA GIZO KE SAƘA

A nan ne matsalar take. Mai ciwon baya ko karaya idan ya shiga mota ya tafi asibiti, wahalarsa a kansa ta tsaya. Mai cuta mai yaɗuwa kuwa, irin su korona da ƙyanda da ƙarambau, duk inda ya bi yana iya barin tsaraba: a tasha, a cikin mota inda aka cushe mutane kafaɗa da kafaɗa, da kan bencin masu jiran kati. Idan kuma aka ce lalle shi da kansa zai kai takardar ofis, to, an kai wuta gidan kara. Wanda ya ga wahalar ta yi yawa sai ya sha maganin zazzaɓi ya daure ya tafi aiki, kafin mako ya zagayo rabin ofis na tari.

Sai kuma lissafin kwanaki. A 2020 kwana 14 ake killace wanda ake zaton ya kamu da korona. Ga mai aikin Litinin zuwa Juma'a, wannan ya cinye kwana 10 daga cikin 12 ɗin da doka ta ba shi na shekara duka. Zazzaɓin Lassa kuwa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, kuma Bauchi tana cikin jihohin da ya fi damu, yana iya ɓuya a jiki har kwana 21, don haka ake sa ido a kan waɗanda suka yi cuɗanya da mai shi tsawon waɗannan kwanaki. Dokar kuwa maganar mara lafiya ta yi. Ba ta ambaci mutumin da aka ce ya zauna gida don kada ya shafa wa wasu ba.

Wasu ƙasashe sun nemi mafita. A Ingila ma'aikaci yana iya shaidar ciwonsa da kansa idan bai wuce kwana 7 ba, kuma a watan Maris na 2020 hukumar lafiyarsu ta fara ba da takardar killacewa ta intanet, don kada masu cutar su cika asibitoci saboda neman takarda kawai.

ABIN DA YA KAMATA

Ma'aikacin da ya kamu ya sanar da shugabansa tun ranar farko, ta waya ko ta saƙo, ya kuma adana shaidar sanarwar. Idan zai je asibiti ya rufe hanci da baki, ya gaya wa ma'aikatan abin da yake ji tun daga ƙofa. Ya duba takardar da kyau: sunansa, ranar da aka duba shi, yawan kwanakin hutu, sunan likita da sa hannunsa da hatimin asibiti. Ya ɗauki hotonta ya aika, ta ainihin kuwa ta jira har ya warke. Kada kuma ya yarda a sayo masa takardar ƙarya, domin ranar da asiri ya tonu aikin ne zai tafi, shi ma likitan da ya sa hannu sai ya amsa tambaya a gaban majalisar da ta yi masa rajista. Masu wannan hali su ne suka sa ake zargin marasa lafiya na gaskiya.

Su kuma shugabanni su sassauta. Su karɓi hoton takarda, su yarda da shaidar jami'in lafiyar da ya ba da umurnin killacewa, kada su yanke albashin wanda ya zauna gida don ya tsare lafiyar 'yan uwansa. Ladan kwana goma bai kai asarar rufe ma'aikata ba.

Akwai kuma waɗanda ba su da wanda za su kai wa takarda ko kaɗan: ɗan dako a kasuwar Azare, da yaron tela, da leburan gini, waɗanda in ba su fita ba tukunya ba ta hau murhu. Kafin a ce wa irin waɗannan su zauna gida, wajibi ne hukuma da masu hali su tanadi abin da za su ci. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Cuta ba ta tambayar matsayi kafin ta shiga ofis.