Kariya a Saman RAV4 ko CR-V: Nawa Rufin Mota Zai Iya Ɗauka?

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Illela ko ta Birnin Kebbi ana gobe Sallah zai ga RAV4 da CR-V da Highlander 'yan Kwatano suna fita Sakkwato, an tula musu kaya a kai kamar motar kasuwa. Ganin tsayinsu ne yake sa mutane ɗaukarsu kamar Land Cruiser, alhali ƙirarsu daban ce. Land Cruiser da Hilux suna zaune ne a kan firam na ƙarfe mai zaman kansa. RAV4 kuwa, tun fitowarta a 1994, gangar jikinta haɗe take guda ɗaya irin ta ƙaramar mota, an dai ɗaga ta sama. Irin waɗannan ake kira crossover.

Yawancinsu rufinsu ba ya ɗaukar fiye da kilo 45 zuwa 75 idan mota tana tafiya, kuma nauyin ita kanta kariyar yana cikin lissafin. Ainihin adadin kowace mota yana cikin littafinta, wanda ake samu a intanet idan an nemi sunan motar da shekararta. A gwada lissafi: jarka mai lita 25 cike da ruwa kilo 25 ce. Jarka biyu da buhun shinkafa mai kilo 50 sun kai kilo 100, an wuce iyaka tun ba a ɗora akwati ko ɗaya ba.

Lotsewar rufi ita ce ƙaramar matsala. Mota mai tsayi dama tana rinjaya a kwana, to idan aka ƙara mata nauyi a sama, kaucewa rami ɗaya ko raƙumin da ya faɗo titi ya isa ya kifar da ita. Shi ya sa kaya masu nauyi, irin su jarka da buhu da janareto, wurinsu cikin but ne, a ƙasa, a jingine da bayan kujera. Sama ta katifa ce da tabarma da jakar tufafi.

Wajen ɗauri kuma, robar tsohon tif tana miƙewa, rana tana cinye ta. Bel mai ƙugiya da makulli, wanda ake ja yana ɗamewa, ya fi ta nesa ba kusa ba. A tsaya bayan 'yan kilomitoci a sake ja, domin kaya suna zama bayan an fara tafiya. Lokacin hunturu jakar tamfol mai zif tana tare ƙura, ga ta da araha a kan akwatin roba na rufi. Kariyar da ba a amfani da ita kuma a kwance ta, iska take tarewa tana ƙara shan mai a banza.

Sai batun na'urori. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, cikin jakar da ke kan rufi kuwa ya fi haka sosai. Fawa bank da laptop duk batirin lithium ne da su, zafi yana kumbura shi, wani lokaci har ya kama wuta. Wurinsu cikin mota, inda AC yake kaiwa.

Soket ɗin sigari mai bolt 12 yawanci wat 120 zuwa 180 yake bayarwa. Ya isa cajin waya da ƙaramin firij na mota da famfon taya, amma butar lantarki ta inbata za ta ƙone fiyus nan take. Cikin duk waɗannan, famfon taya mai nuna lamba ne ya cancanci kuɗin farko: mota mai kaya a kan kwalta mai zafi da taya maras isasshiyar iska, fashewa take jira. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi.